Katunan Makarantar Bayan Gareji

A layin karɓar maganin hawan jini na fara jin maganar, daga bakin wata mata da ban san ta ba. Wai 'yan makarantar bayan gareji suna aron littattafan laburare su danne, ko buɗewa ba sa yi, sun hana 'ya'yan mutane karatu. Kafin mako ya zagayo na ji ta wajen mai gyaran tabarau, na ji ta a motar haya, har mai kawo mana ruwa ya tsoma baki. Kowa da irin gishirin da yake ƙara mata, amma duk wuri ɗaya suke sauka: yaran yanzu ba sa karatu, waya ta gama da su.

Ni wannan zancen ya daɗe da gundurata. Ina 'yar makaranta aka ce rediyo ya lalata mu. Da na fara koyarwa aka ce talabijin ce. Na ƙare ƙuruciyata a gaban allo, na yi hedimistires har na yi ritaya, ban taɓa shiga ajin da babu mai yunwar littafi ko ɗaya ba, ban kuma taɓa shiga wanda duka suke da ita ba. Saboda haka in na ji an yi wa makaranta sukutum kuɗin goro, sai in nemi takalmina.

Maganar kuma ta shafe ni ta wuri biyu. Ina cikin kwamitin laburaren gari, irin kujerar da ake ba tsofaffi don kada su zauna a gida su addabi surukai. Sannan jikar ƙanwata, wadda muke kira Aku saboda bakinta ba ya hutawa, a wannan makarantar take, aji biyar. An riga an sa batun cikin ajandar zaman ƙarshen wata: a cire makarantar bayan gareji daga shirin aron littafi ta waya. In aka cire su, Aku ba ta da wata hanya. Laburaren yana can ɗaya ƙarshen gari, sai an hau mota an sauka an sake hawa, gidansu kuwa ba wanda zai ajiye sana'arsa ya raka yarinya ɗauko littafin labari.

Laburaren na fara zuwa. Na tarar da mai kula da shi a ƙuryar da take kira ofis, tsakanin kwalayen tsofaffin jaridu da wata fanka mai juya kai kamar tana cewa a'a. Yarinya ce a idona, ko da yake tana da 'ya'ya uku. Mu a kwamiti 'Yar Laburare muke ce mata. Ita ta kawo shirin, ita take jan sa ita kaɗai.

"Malama, kada ki zauna a wannan, ƙafarta ɗaya ta rabu da duniya. Ɗauki waccan."

Na zauna, na ce ta yi mini bayani kamar ban taɓa ji ba, don a zaman kwamiti ba a bayani, gyaɗa kai ake yi. Ta ce abin ba wuya. Laburare ya haɗa kai da makarantu. Kowane yaro yana da kati mai ɗauke da lambarsa da lambar sirri. Ya sa lambobin a wayar uwa ko uba, ya zaɓi littafi, ya karanta. In wa'adi ya cika littafin ya koma da kansa.

"To in ba takarda ba ne, me ya kawo layi? Me zai hana yara ɗari su karanta littafi ɗaya lokaci guda?"

Ta yi irin dariyar wanda aka yi wa tambayar nan har ya gaji. "Masu sayar mana ne ba su yarda ba. Mutum ɗaya a lokaci ɗaya, kamar na takarda. Kuma duk aro ƙirga shi suke yi. In adadin da muka saya ya ƙare, littafin ya ɓace daga wajenmu, ko an karanta ko ba a karanta ba."

"Wato littafin da ba shi da bango shi ma yana tsufa."

"Ya fi na takarda saurin tsufa, Malama. Na takarda ko ya yage ina da gam."

Ta juyo mini da fuskar kwamfutarta. Na gyara tabarau. Makarantar bayan gareji ce kan gaba wajen aro, ta yi wa sauran fintinkau. A gefe kuma, inda ake nuna ko an buɗe littafi, fayau, babu ko ɗaya. Ta ce akwai littattafan da suka ƙare ƙurmus a hannunsu ba wanda ya ga shafin farko, iyayen sauran makarantu kuma kullum suna kan wayarta.

"Kin je kin gani da idonki?"

"Da wace ƙafar? Ni ce mai shara, ni ce mai buɗe ƙofa, ni ce mai amsa waya. Ranar da aka ƙaddamar na je, na miƙa wa Hedimasta katunan a kwali, aka ɗauki hoto, aka tafa." Ta murza ido. "Ni ma ba na son a cire su. Amma ga abin da na'ura ta nuna."

Na ce na'ura ta nuna ba a buɗe ba, ba ta nuna dalili ba. Ta ce haka ne, amma kwamiti ba ya tambayar dalili. Ban musa mata ba, don a cikinsa nake.

Daga nan na wuce gidan Auta, ƙanwata. Ɗinki take yi a ɗakin gaba, keken ya cinye rabin wurin, ƙyallaye sun cinye sauran. Tana ganina ta ɗaga ƙafa daga keken.

"Yaya, da ranar nan? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Ina ƙawata?"

Aku ta fito daga ciki riƙe da kwalin man shafawa. Karanta bayansa take yi. Yarinyar nan tana karanta takardar magani, tana karanta buhun siminti, ta taɓa tsayar da mu a titi sai da ta gama karanta sanarwar ɓatan akuya. Ta faɗo jikina tana ba ni labarin wani faɗa da aka yi a ajinsu kan abin goge allo, sai da na toshe mata baki da hannu.

"Ke, tsaya. Kina aron littafi a laburare?"

"Ƙwarai ma! Ni ce ta ɗaya a ajinmu. Har an kira sunana a asembili an tafa mini. Tafi uku da sara."

"Madalla. Wanne ya fi miki daɗi?"

"Ai ba a kawo ba tukuna."

Auta ta ci gaba da taka keke. Na ce ta dakata.

"Me ba a kawo ba?"

"Littattafan mana, Kaka. An ce an ara mana da sunanmu. Ni dai ina jin motar ce ba ta zo ba. Wata 'yar ajinmu ta ce babanta ya ga motar laburare ta lalace a gareji, amma maƙaryaciya ce, ta taɓa cewa suna da jirgi."

"Katinki fa?"

"Wane kati?"

Na dubi Auta. Ta ɗaga kafaɗa. "Ni an aiko a ce mu tanadi waya mai shiga intanet. Ga ta can, na tanada. Tun farkon zango yarinyar nan take tambayata ko an kawo saƙo. Na ce mata abin gwamnati sai haƙuri."

"Ba abin gwamnati ba ne, namu ne."

"To abinku sai haƙuri."

Aku ta ce Litinin ake yi musu aron, Malamar lissafi ce take yi, shi ya sa ba ta shigowa darasin farko. Don haka Litinin na shirya. Gwiwoyina ba sa son motar haya, motar haya ma ba ta son su, amma muka lallaɓa juna har tasha ta ƙarshe. Daga nan sai a bi ta gefen gareji, a tsallake baƙin mai da ya malalo hanya, a wuce gawarwakin motoci da kaji suka mayar gida. Makarantar tana nan a baya, an share filinta tas, an jera duwatsu masu farin fenti a bakin kowace hanya. Na san irin hedimastan da ke sa a yi wa duwatsu fenti. Ba mugaye ba ne, tsoro ne ya yi musu yawa.

Ban nemi ofis ba, ɗakin malamai na nufa. Mace ɗaya ce a ciki, ta ba ƙofa baya, tana fuskantar wata tsohuwar kwamfuta mai ƙugi. A gefen damanta gwangwanin biskit ne cike da katuna, an ɗaure su aji-aji da roba. Ta ɗauki kati, ta kwafi lamba, ta danna, ta danna, ta kife shi a hagu, ta ɗauki na gaba. Hannunta ya saba, ko kallon katin sosai ba ta yi. Na tsaya ina kallo har ta gama ɗauri guda kafin na yi sallama.

Ta zabura. Na gaya mata ko ni wace ce. Da ta ji kalmar kwamiti sai ta kai hannu ta rufe gwangwanin, ta kuma ga rufewar ba ta da amfani, ta sake buɗewa.

"Me kike yi, 'yata?"

"Aro nake yi wa yara, Malama."

"Ta yaya kike zaɓa musu?"

"Wanda ba layi. In na tsaya neman na labari ba zan gama ba, duk an riga mu." Ta nuna fuskar kwamfutar. Yaron da katinsa ke hannunta ɗan aji biyu ne, ta ara masa littafin kiwon zuma. Wanda ya gabace shi ya samu na gyaran injin ban ruwa.

"Su kuma yaran ta ina za su karanta?"

Ta juya robar a yatsa. "Ni dai an ce in yi. Don na iya kwamfuta aka ɗora mini. Ajina na can ba kowa, ga jarrabawa na tafe. Na faɗa sau ɗaya, aka ce in ba na so akwai masu so." Ta ɗago. "Don Allah, Malama, kada sunana ya fito. Ban daɗe da samun aikin nan ba."

Na ce ba sunanta na zo nema ba.

Ana haka Hedimasta ya shigo, wani ya kai masa labari. Sai da ya matso na gane shi. A makarantata ya yi koyon aikin malanta, lokacin yana siriri kamar alli. Yanzu ya yi furfura, ya yi tumbi, ga tarin makullai a ƙugu suna kaɗawa.

"Malama Babba! Ke ce da kanki? Ai da kin aiko na zo." Ya rusuna har makullan suka taɓa ƙasa.

"Da na aiko da ban ga gwangwani ba."

Ya ja ni ofishinsa, ya sa aka kawo ruwa, ya tambayi gwiwa, ya tambayi yara da jikoki ɗaya bayan ɗaya. Na bar shi ya gama. A bayan kujerarsa akwai kabad na ƙarfe mai kwaɗo biyu. Ta gilashin sama ina hango ƙwallon duniya a cikin ledarta, da akwatin kayan gwajin kimiyya da ba a taɓa yanke igiyarsa ba.

"Me ya sa ba ka ba yara katunansu ba?"

"Malama, kin san yaran nan. Ki ba yaro kati da safe, da rana ya zama abin kankare cingam. Na sa hannu na karɓa. In suka ɓace wa za a tambaya?"

"Ba wanda za a tambaya. Lamba ce, in ta ɓace a sake ba shi wata."

"Haka ake faɗa ranar ɗaukar hoto." Ya gyara zama. "A makarantar da na baro an taɓa kawo mana littattafai na takarda, kyauta. Na raba wa yara, don ke kika koya mana littafi na hannun yaro ne. Damina ta zo, wasu suka jiƙe, wasu ƙanne suka yaga, wasu aka bar gari da su. Da masu kyautar suka dawo duba kayansu, ni aka tsayar a gaban mutane kamar ɓarawo. Shi ya sa kika gan ni a bayan gareji. Daga nan kuma ba sauran inda za a tura mutum sai gida."

"Wannan ba ya jiƙewa. Ba ya yagewa. Da kansa yake komawa."

"Da kansa." Ya yi murmushi, irin na wanda ake yi wa tatsuniya. "Malama, ni dai ban taɓa ganin abin aro ya mayar da kansa ba."

"To ka kulle katuna. Me ya kai ka aron abin da ba za a karanta ba?"

Nan ya buɗe hannuwa. "Ku kuka ce! A taron hedimastoci yarinyar laburare ta tsaya ta ce makarantar da ba ta aro sosai za a cire ta a ba wata. Na dawo na rasa barci. In na raba katuna su ɓace, laifina. In na riƙe ba a yi aro ba, laifina. Sai na ga ga hanya: katuna na nan lafiya, aro na tafiya, sunan makaranta na sama. Har yabo aka aiko mana a wata na farko."

Ban manta da yabon ba. Ni na ba da shawarar a aika.

Na gaya masa abin da ake faɗa a gari, da abin da ke cikin ajandar ƙarshen wata. Bai sani ba. Na ga fuskarsa ta sauka a hankali. Ya ce yaransa ba malalata ba ne, ya faɗa har sau biyu, kamar ni na ce. Na ce to ya buɗe gwangwani yau, kafin a tashi, kowane yaro ya tafi gida da katinsa. In aka ga an fara buɗe littattafai kafin zaman, ina da abin da zan riƙe in yi magana.

Ya kalli tebur. Sannan ya ce sai dai in laburare ya rubuto masa cewa ba ruwansa in kati ya ɓace, da sa hannun Ciyaman ɗin kwamiti. Na ce Ciyaman ba ya sa hannu a komai sai kwamiti ya zauna, kwamiti kuma zaman da zai yi na cire su ne. Ya ce to Allah ya kawo mafita. Na yi masa magana a matsayin uwa, na yi masa a matsayin tsohuwar shugabarsa, har na ɗaga murya, abin da na daina tun da likita ya hana ni. Yana ta "haka ne, Malama, gaskiya ne, Malama," hannunsa na kan makullai.

Da na miƙe zan tafi ya ce in dakata. Ya fita, ya dawo da kati ɗaya, ya ajiye a gabana da hannu biyu. Na Aku ne.

"Na san jikarki ce. Ke in ya ɓace a hannunki ba mai tambayata. Ki kai mata." Ya rage murya. "Sauran kuma, Malama, a rufa wa juna asiri. In an cire mu an cire mu, ba sai an ce ga dalili ba."

Na kalli katin. Gefensa ya yi laushi saboda yatsan Malamar lissafi. Na san abin da ake saye da shi, shi ma ya san na sani.

"Zan ɗauka, don nata ne, ba naka ba," na ce. "Kuma zan faɗa. Ina gaya maka yanzu don kada ka ji a bakin wani."

Ya raka ni har bakin gareji, yana riƙe mini jaka.

A gidan Auta muka sha fama kafin lambobin su shiga, don gilashin wayar ya tsage daidai kan inda ake dannawa. Da ta buɗe sai ga kayan da aka ara wa Aku: littafin lissafin haraji, da na cututtukan tumaki, da wani kan yadda ake haƙa rijiya.

"Waɗannan ne aka tafa mini a kansu?"

"Su ne."

"Tabɗi." Ta ɗan leƙa na tumakin, don ba ta iya ganin rubutu ta wuce. Sannan na nuna mata yadda ake mayarwa, da yadda ake nema. Duk na labarin da ta taɓa sai a ce ta shiga layi. Can ƙasa ta samu wani da ba kowa a kansa, labarin wata mata da ta ƙetare teku ita kaɗai a ƙaramin jirgin ruwa. Ta zauna a kan tarin ƙyallaye ta yi tsit. Auta ta taka keke, ta tsaya, ta waiwaya.

"Yaya, me kika ba yarinyar nan? Tun da aka haife ta ban taɓa jin ƙarar agogon ɗakin nan ba sai yau."

Kwanakin da suka biyo baya Auta ta yi ta kirana da wayar maƙwabciya tana ƙorafi. Masu ɗinki suna nemanta ba sa samu, caji ba ya kwana, yarinya tana cin abinci da hannu ɗaya. Na je wajen 'Yar Laburare na gaya mata abin da na gani. Ta dafe kai. Na nemi Ciyaman a waya, aka ce ya yi tafiya, sai ranar zama.

Ranar zaman muka haɗu a ɗakin sama na laburare, inda ake ajiye kujerun da suka karye. Ciyaman tsohon ma'aikacin banki ne, mutum mai son a gama da wuri. Akwai Akanta, akwai Likita mai ritaya wanda rabin zaman barci yake yi, akwai wakiliyar iyaye, wadda 'ya'yanta ke makarantar cikin gari, sai Sakatare da ni. 'Yar Laburare tana gefe, ba ta da ƙuri'a.

Da aka zo kan batun, Ciyaman ya ce abin a bayyane yake, kowa ya ji, a ɗaga hannu kawai. Na ce ina da magana. Ya duba agogo.

"Malama, a taƙaice dai."

Na faɗi abin da na gani, gwangwani da kabad da kiwon zuma. Ban ambaci Malamar lissafi ba, na ce wani ma'aikaci. Likita ya farka a daidai kiwon zuma ya yi dariya shi kaɗai. Na ce abin da ake bukata takarda ce mai layi biyu zuwa ga Hedimasta, da rana guda da za a je a miƙa wa kowane yaro katinsa a hannu. In ƙafa ce babu, ni zan je.

"To ai wannan ya fi muni," in ji Akanta. "Da lalaci ne, yanzu ya zama maguɗi."

"Maguɗin wa? Yaran?"

"Makaranta ɗaya ce, Malama. Ba mu da yarjejeniya da yara, da makaranta muka yi."

'Yar Laburare ta ɗaga hannu kamar 'yar aji. Ta ce ita ta gaya wa hedimastoci za a cire wanda ba ya aro, kuma a ɗakin nan aka ce ta faɗa. Ciyaman ya ce ba a ce ta ce a yi ƙarya ba. Wakiliyar iyaye ta ce ita tausayin yaran take ji, wallahi tana ji, amma 'yarta ta yi wata tana jiran littafi ɗaya, da layi ya zo kanta aka ce ya ƙare. Wa zai dawo da waɗanda suka ƙare? Ciyaman ya sake duba agogo.

Na ce a hukunta babba a bar yara. Ciyaman ya ce hukunta hedimasta ba aikinmu ba ne, na ofishin ilimi ne, za a rubuta musu. In sun gyara gidansu, baɗi a duba. Na ce baɗi 'yan aji shida sun fita. Ya ce Malama, kowa ya ji ki.

Aka ɗaga hannu. Ni kaɗai ban ɗaga ba. Likita ya ɗaga nasa ne bayan ya ga na sauran. Aka umarci 'Yar Laburare ta rufe katunan makarantar duka kafin ta tashi aiki. Ta ce to, ba ta kalli kowa ba.

Sakatare ya gyara takardunsa ya karanto abin da ya rubuta, don a amince a tashi: an dakatar da makarantar bayan gareji daga shirin saboda ɗalibanta suna aron littattafai ba sa karantawa.

"Goge wannan," na ce.

"Malama, tun kafin zama na tsara shi, kuma ai ma'anar..."

"Ka goge. Kun yi ƙuri'a, ban hana ku ba. Amma ba za a ajiye wannan da sunana a ƙasa ba."

Ciyaman ya riga ya miƙe, hularsa a hannu. Ya ce a rubuta mata abin da take so, mu tafi. Sakatare ya ja layi a kan jimlarsa, ya ɗago biro yana jirana.

"To me zan sa?"

"Rubuta: ba a taɓa ba yaran makarantar bayan gareji katunansu ba. Ba su ari littafi ba, ba su ga littafi ba. Yarinya ɗaya ce ta samu nata a makon jiya. Ta buɗe littafin, ta wuce rabi, ba ta gama ba."